Shin Hali Zanen Dutse Ne?

A ranar bikin yaye ɗalibai, jami'o'in ƙasar nan kan shaida cewa wanda aka ba digiri ya cancanta ta fuska biyu, wato hali da ilimi. Shi dai ilimi mun san yadda muke auna shi, domin akwai aikin jinga, akwai gwaji, akwai jarrabawar ƙarshen zango, kowanne da makinsa. Amma hali ba shi da kwas, ba shi da takardar tambayoyi. To, shin jami'a tana da hannu a ginin halin ɗalibi, ko kuwa da abinsa ya zo, da abinsa zai koma?

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka tsaya a nan, matashin da ya zo mana yana ɗan shekara 18 ya riga ya bushe, kuma shaidar da muke bayarwa ta zama shaidar zur. A ganinmu lamarin bai tsaya nan ba.

A cikin nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su, daga ciki akwai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da adalci. Abin lura shi ne, a gida yawancin waɗannan siffofi ido ne ke tsaronsu: idon mahaifi, idon maƙwabci, idon malamin allo. Yaron da bai taɓa fita daga ƙarƙashin waɗannan idanu ba, ba za mu iya cewa kirkinsa nasa ne ba, domin ba a taɓa ba shi damar yin akasinsa ba.

A nan ne Abuja ta zama wurin gwaji na musamman. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi wannan yanki a 1976 domin ya zama gidan kowa, aka kafa Jami'ar Abuja a 1988, karatu ya kankama a Gwagwalada a 1990. Saurayin da ya taso daga Daura ko Argungu zai iske kansa ɗaki ɗaya da Bagwari da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo, babu wanda ya san gidansu, babu mai tashinsa sallar asuba. Kuɗin da mahaifinsa ya sayar da hatsi ya aiko suna aljihunsa. A ɗakin jarrabawa takardar abokinsa tana buɗe kusa da shi. Wanda ba addininsu ɗaya ba ya bar masa ajiya ya tafi hutu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi ne, kuma daga yawan maimaita zaɓi ne hali yake kafuwa. Kunyar da take aiki a inda babu wanda ya san mutum, ita ce ta zama mallakarsa.

Mu malamai ba mu kuɓuta daga wannan nauyi ba. Ɗalibi yana kallon wanda ke shiga aji a kan lokaci, da wanda ke ba da maki bisa cancanta ba tare da duba suna ko jiha ba, kuma abin da ya gani ya fi zama a zuciyarsa a kan abin da ya rubuta a littafi.

Saboda haka, abin da gida ya yi zane ne da gawayi. A shekarun jami'a ne ɗalibi kan sassaƙa shi a dutse da hannunsa, ko kuma ya bari ruwa ya wanke shi. Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya amma ba za a iya ba shi ajiya ba, rabin digiri ya karɓa.