Tsakuwa da Zalɓe: Shin Mai Ɗaukar Hoto Mafarauci ne?

'Yan'uwa ɗalibai, wata ranar hutu bayan an yi ruwan sama, ni da wani abokina mai sha'awar ɗaukar hoto muka fita gabashin Madina, zuwa madatsar ruwan Aƙul da ke kan kwarin Ƙanat. A bakin ruwa muka hango zalɓe tsaye, wuya a lanƙwashe, ko motsi ba ya yi, yana dakon abin da zai cafka. Da zaman ya ishi abokina sai ya ɗauki tsakuwa, wai zai tashe shi, don hoton tsuntsu ya fi kyau idan ya buɗe fukafukai. Na riƙe masa hannu. Ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ai ba kashe shi zan yi ba."

Gaskiyarsa, kyamara ba bindiga ba ce. To amma shin duk abin da bai zubar da jini ba, ba ya cutarwa?

Tsayuwar nan da muke gani kamar zaman banza ita ce sana'ar zalɓe. Da ita yake ci. Wanda ya tashe shi ya ɓata masa dakon da ya yi, ya kuma sa shi ƙona ƙarfin da yake tattali, alhali da yawa daga irin waɗannan tsuntsaye matafiya ne da ke ratsa hamada. Mu da muka san zafin baƙunci ya kamata mu fi kowa gane wannan.

A garin da muke zaune ma darasin a fili yake. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Madina harami ce tsakanin dutsen Airu da Sauru, kuma Muslim ya ruwaito hanin farauta a cikinta. Game da Makka kuwa, har firgita abin farauta an hana. Ba fatawa nake bayarwa ba, sai dai abin lura shi ne an ɗauki natsuwar dabba a matsayin abin kiyayewa, ba ranta kaɗai ba.

Wani zai ce ai hoto na yi wa tsuntsaye amfani. Na yarda. A gida, dausayin Haɗeja da Nguru ya sha wuya tun da madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 suka sauya ambaliyar da ke raya shi, ga kuma kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ko da yake tafkin Nguru ya shiga jerin wuraren Ramsar a 2000, wanda bai taɓa ganinsa ba hoto ne zai sa ya damu da shi. Amma hoto shaida ne, kuma shaida sai da gaskiya. Wanda ya jefa tsakuwa tsoron zalɓe ya ɗauko, ya kawo mana da sunan rayuwarsa.

Abokina ya ajiye tsakuwar, muka ci gaba da zama. Ana dab da magariba zalɓen ya tashi don kansa, haske ya yi ƙasa, hoton ya fito dishi-dishi. Har yau yana yi mini ƙorafi, ni kuwa shi na fi so cikin hotunansa, domin ba wanda aka zalunta kafin a same shi.

Allah Ya sa mu zama masu tausayin halittunSa, amin.