Shin Ya Dace Mu Ji Daɗin Kallon Yaƙi?

A hutun da ya wuce na shiga kasuwa, sai na iske wani mai fayafayan bidiyo ya baje kayansa a tabarma yana gyangyaɗi. Tun da jama'a suka koma tura fim a waya ciniki ya guje shi, har ya karya farashi. Na ɗauki wani faifai da aka rubuta a bayansa wai tsofaffin finafinan yaƙi 20 ne a ciki. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Da aka koma makaranta muka yi mako guda cur, ni da abokan kwanana, kowane dare muna gaban kwamfuta.

A dare na huɗu aka nuna wani sojan Japan yana gadi, aka lallaɓo ta baya aka soke shi. Ɗakin ya kaure da shewa, ni ma har da tafi. Da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai. Mutum aka nuna yana shure-shuren mutuwa, ni kuwa na tafa. To, 'yan'uwa ɗalibai da malamaina, tambayar da na kawo gabanku ke nan: shin ya dace mutum ya mai da yaƙi abin hirar dare?

Mu fara da dalilin arahar nan. Galibin abin da ake cusawa cikin irin waɗannan fayafayai, finafinai ne da haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ko kuwa waɗanda gwamnatin Amurka ta yi da kanta, kowa na iya kwafa ba mai tuhumarsa. Cikinsu akwai jerin nan guda 7 mai suna Why We Fight, wanda Frank Capra ya shirya tsakanin 1942 da 1945 don a fahimtar da sojan Amurka dalilin da zai tafi fagen fama. Watau abin da aka ƙera don zuga samarin wata ƙasa, shi ne muke sha da daddare bayan shekara 80, ba mu ko tambayi wanda ya dama shi ba. Dillalai kan haɗa da 'yan shahararru kaɗan don faifan ya shiga ido.

Ba na cewa a bar kallo ɗungurungum. Ɗan'adam tun fil'azal yana son labarin maza. Mu ma muna da kirarin jarumai da kiɗan yaƙi, kuma jaruntaka da riƙon amanar aboki halaye ne na kirki, ko a ina aka gan su. Har ila yau akwai fim ɗin da ya faɗi gaskiya mai ɗaci. All Quiet on the Western Front na 1930 ya nuna yadda malami ya zuga ɗalibansa Jamusawa suka shiga soja a Yaƙin Duniya na Farko, suka ƙare ɗaya bayan ɗaya cikin ramukan taɓo. Da aka nuna shi a Barlin a watan Disamba na shekarar, 'yan Nazi suka saki ɓeraye a gidan silima don su watsa taron, daga bisani aka hana nuna shi. Abin da masu son yaƙi suka ji tsoro haka, ai ba za a kira shi sharri ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen wanda aka ba fuska da wanda aka hana. Ɗauki The Bridge on the River Kwai na 1957, wanda ya ci lambobin Oscar 7. Labarin fursunonin yaƙi ne Turawan Ingila da Japanawa suka tilasta wa gina gada a hanyar jirgin ƙasa tsakanin Tailan da Bama. Hanyar gaskiya ce, tsawonta kilomita 415, an gina ta a 1942 da 1943. Fursunoni kimanin 12,000 suka mutu a aikin. Amma leburori 'yan Asiya da suka mutu sun kai wajen 90,000, alhali kuwa wanda ya kalli fim ɗin zai tashi bai san da su ba.

Akwai kuma Objective, Burma! na 1945, wanda ya nuna kamar Amurkawa ne suka yi yaƙin Bama. Turawan Ingila suka fusata har aka janye shi daga gidajen silimarsu, bai komo ba sai 1952. Su ke nan da aka shafe sau ɗaya. Mu fa? Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, cike da 'yan Nijeriya, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Barikin Chindit na Zariya da barikin Myohaung na Ikko daga can suka samo sunayensu. Kakan mahaifina yana cikin waɗanda aka ɗiba. Ban riske shi ba, amma an ce har ya rasu ba ya son a tambaye shi labarin Bama. Na kalli finafinan nan 20 daga farko har ƙarshe, ban ga fuska ɗaya irin tasa ba.

A nan na gane laifina na daren nan. Sojan Japan ɗin da na tafa wa mutuwarsa, mai fim bai ba shi suna ba, bai ba shi uwa ba, don kada in ji tausayinsa. Dabarar da ta hana shi suna, ita ce ta hana kakana shiga hoton gaba ɗaya. Na tafa wa wuƙar da aka yanke nawa da ita.

Saboda haka amsata ita ce: a kalla, amma a kalla da ido biyu. Duk fim ɗin yaƙin da ka zauna gabansa, tambayi kanka abu uku. Wa ya biya kuɗin yinsa? Mutuwar wa aka sa wa kiɗan baƙin ciki, ta wa kuma aka wuce kamar faɗuwar kara? Da aka ƙare, sha'awar yaƙi ka ji ko tsoronsa? Idan sha'awa ce, to, an ci kasuwarka, kuma ba ƙaramar hasara ba ce ga mu da ƙasarmu ta sha yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ga kuma sansanonin 'yan gudun hijira da muka gani da idonmu a Borno.

Faifan yana nan cikin akwatina, ban yar ba. Zan sake kallonsa, sai dai wannan karon ba zan tafa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni kuwa na ce wannan arahar a wurinmu kaɗai take, don waɗansu sun riga sun biya da rayukansu.