KWANCIYAR JIKI DA KWANCIYAR HANKALI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci barci Ya ɗora wa bayinsa bukatarsa, Shi kuwa Ya tsarkaka daga gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani kuka da ya yawaita a bakin jama'a, manya da yara, mawadata da matalauta, watau kukan rashin samun barci da wuri. Mutum zai hau shimfiɗarsa tun ƙarfe goma na dare, ya yi ta juyi yana ƙirga azarar ɗaki, gari ya yi tsit, ƙarfe biyu ta buga, shi kuwa yana nan ido biyu. Can dab da asuba barci ɓarawo ya sace shi, ya makara salla, ya fita nema da jiki a mace da zuciya a kusa. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, shi ya sa Bahaushe ba ya fara magana da ɗan'uwansa da safe sai ya tambaye shi yadda ya kwana. Da kwana yake ƙirga ranaku, kuma idan mutum ya rasu sai ya ce kwanansa ya ƙare.

Tambayar da ta kamaci mai hankali ita ce, me ya sa barci yake guje wa wanda ya fi kowa nacin nemansa? Sauran bukatun ɗan Adam da ƙoƙari ake samunsu. Mai jin yunwa yakan tashi ya nemi abinci, mai jin ƙishi yakan je rijiya. Amma wanda ya ɗaura ɗamara ya ce lalle sai ya yi barci yanzu yanzu, to, ya kore shi ke nan. Gwargwadon yadda ya matsa wa kansa, gwargwadon yadda idonsa zai bushe.

Alƙur'ani mai girma ya bayyana asirin wannan al'amari. A cikin Suratuz Zumar, aya ta 42, an haɗa barci da mutuwa a wuri guda, aka nuna cewa Allah ne ke karɓar rayuka a halin biyun, Ya riƙe wanda ajalinsa ya yi, Ya sako ɗayan zuwa wani lokaci. Hausawa ma sukan ce barci ƙanin mutuwa ne. Ashe kuwa mai barci mutum ne da ya saki komai. Ya saki dukiyarsa, ya saki iyalinsa, ya saki jinsa da ganinsa, bai san abin da ake ciki ba har tsawon sa'o'i bakwai ko takwas. Wanda zuciyarsa ta ƙi sakin abin da ta riƙe kuwa, ko ya miƙe a kan katifa mai laushi, jikinsa ne kaɗai ya kwanta. Harshen Hausa ya kira natsuwa da sunan kwanciyar hankali, kuma a cikin wannan suna akwai hikima, domin kwanciya biyu ce, barci kuwa ba ya zuwa sai sun haɗu.

Babu misalin da ya fi abin da ya faru a yaƙin Uhudu, cikin shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da 625 Miladiyya. Musulmi sun sha wuya a ranar, kimanin sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza, an kuma yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, rauni a fuska. A cikin wannan hali, abokan gaba ba su yi nisa ba, sai gyangyaɗi ya lulluɓe wani sashe na muminai. Abu Ɗalha ya ba da labari, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa takobinsa ya riƙa suɓucewa daga hannunsa yana ɗauka, yana sake suɓucewa. Aya ta 154 ta Suratu Ali Imrana ta kira wannan gyangyaɗi aminci, sa'an nan ta ambaci wata ƙungiya dabam wadda damuwa da kawunansu ta cika musu zukata, suna munana zato ga Allah. Fili ɗaya ne, haɗari ɗaya ne, amma waɗansu suka sami barci waɗansu suka rasa. Abin da ya raba su yana cikin ƙirazansu.

Idan aka duba kayan da zuciya takan hau shimfiɗa da su, za a tarar mafi nauyinsu uku ne.

Na farko haƙƙin mutane. Ɗan kasuwar da ya tauye mudu, da ma'aikacin da ya danne takardar wani yana jiran a ba shi na goro, da mai bashin da yake da halin biya yana ja, duk hayaniyar rana takan rufe musu muryar zuciya, amma dare ba shi da hayaniya. Uƙbatu ɗan Harisu ya ruwaito cewa wata rana Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sallame sallar La'asar ya tashi da sauri ya shiga gida, har mutane suka tsorata. Da ya fito sai ya gaya musu cewa ya tuna da wani ɗan guntun zinariya na sadaka da ke gidansa, ya ƙi ya kwana a wurinsa, ya sa a raba. Wanda yake son barcin ƙarfe goma na dare, tun La'asar ya kamata ya fara shirinsa, ta hanyar mayar wa kowa abinsa.

Na biyu ƙiyayya da hassada. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas labarin wani mutumin Madina da aka yi wa bushara da Aljanna kwana uku a jere. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya nemi ya sauka a gidansa har dare uku don ya ga irin ibadarsa, bai ga wata tsayuwar dare mai yawa ba. Da ya tambaye shi, sai mutumin ya bayyana masa cewa ba ya riƙe algus a ransa game da wani Musulmi, kuma ba ya hassadar kowa a kan alherin da Allah Ya ba shi. Mai riƙo yakan kwana yana shari'a a cikin kansa, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, yana ta maimaita maganar da aka gaya masa da amsar da ya kamata ya bayar. Wanda yake yin shari'ar dominsa kuwa yana can yana minshari. Yafiya sadaka ce ga wanda aka yafe wa, amma mai yafewar shi ke fara cin moriyarta tun a daren.

Na uku tsoron gobe: kuɗin haya, kuɗin makaranta, cefanen da babu, ciwon da ake jiran sakamakon awonsa. Addu'ar da aka koya wa Bara'u ɗan Azibu a kan wannan ta ginu. An umurce shi ya yi alwala irin ta salla, ya kwanta a gefensa na dama, ya miƙa ransa da al'amarinsa ga Allah, ya jingina gare Shi, kuma ya sa waɗannan kalmomi su zama ƙarshen maganarsa a daren. Tawakkali bai hana shiri ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Baylor ta Amurka, aka buga a 2018, ya sa mutum 57 yin rubutu na minti biyar kafin kwanciya. Waɗanda suka rubuta ayyukan da ke jiransu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kimanin minti 9. Watau abin da aka sauke a takarda, zuciya takan daina gadinsa. Sai mutum ya rubuta abin da ke cikin ikonsa ya ajiye wa safiya, wanda ba ya cikin ikonsa kuwa ya bar wa Mai shi.

Wannan ta fuskar zuciya ke nan. Jiki ma yana da nasa haƙƙi, kamar yadda Salmanul Farisi ya tunatar da Abu Darda'i sa'ad da ya hana shi raya dare gaba ɗaya, Annabi kuma ya gaskata shi.

Abu na gaba da komai shi ne tsayar da lokaci. Abu Barzata ya ruwaito cewa Manzon Allah ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. A cikin jikin ɗan Adam akwai wani agogo da ke bin zagayowar dare da rana, wanda masana uku na Amurka suka sami lambar yabo ta Nobel a 2017 saboda gano yadda yake aiki. Wannan agogo da haske ake saita shi, musamman hasken safiya. Musulmin da yake tashi Asuba kullum, ya fita ya sha hantsi, an riga an tsayar masa da lokacin tashi. Abin da ya rage gare shi shi ne ya tsayar da lokacin kwanciya, kada yau ƙarfe goma gobe ƙarfe ɗaya. Ƙailula kuwa tana da amfani idan ta kasance gajeriya a tsakiyar rana. Doguwar kwanciya bayan La'asar bashi ce da ake cira daga barcin dare.

Sai abin da ke shiga ciki. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda yake toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa, kuma bayan kimanin sa'o'i biyar rabinsa yana nan a cikin jini. Dattijon da ya ɓare goro bayan Magariba, da saurayin da ya zauna majalisar shayi har zagaye na uku, kada su zargi aljanu. Haka kuma cika ciki da tuwo dab da kwanciya yakan jawo ƙwarnafi da nauyin numfashi. Ma'aunin da Tirmizi ya ruwaito ya isa, watau a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi.

Sai haske. A hadisin Jabir an yi umurni da kashe fitila da kulle ƙofa da rufe ƙorai idan za a kwanta. Dalilin da aka ambata game da fitila shi ne tsoron gobara, amma duhu yana da wata fa'ida, domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa take sakin sinadarin melatonin mai sanar da jiki cewa dare ya yi. Fitilar wannan zamani ita ce wayar hannu. Haskenta yana cikin ido, labarinta kuma yana cikin zuciya: gardamar siyasa, hoton dukiyar wani, labarin kashe-kashe. Wanda ya kai ta shimfiɗa ya mayar da hirar bayan Isha'i hira da duniya baki ɗaya. Ya kyautu a ajiye ta nesa da hannu tun sa'a guda kafin kwanciya.

Sa'an nan ladubban kwanciya kansu: alwala, kakkaɓe shimfiɗa, kwanciya a dama, karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu a shafe jiki sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito. Lokacin da Nana Faɗimatu ta koka da wahalar niƙa ta nemi mai taimako, mahaifinta ya koya mata ita da Sayyidina Aliyu tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 a lokacin kwanciya, ya nuna musu wannan ya fi musu mai hidima. Waɗannan ibada ne, kuma don Allah ake yinsu, ko barci ya zo ko bai zo ba. Sai dai abin da aka saba yi kowane dare a tsari ɗaya yakan zama alama ga jiki, harshen da ya shagala da zikiri kuma yakan janye zuciya daga lissafi.

Idan an yi duk wannan, aka ɗauki kamar minti 20 barci bai zo ba, shawarar likitocin barci ita ce a tashi daga shimfiɗar, a yi wani abu mai sanyaya rai cikin haske kaɗan, ba tare da duban agogo ba, sai an ji gyangyaɗi a koma. Dalili shi ne kada jiki ya saba ɗaukar shimfiɗa wurin fama. Musulmi kuwa yana da abin yi a wannan lokaci, raka'a biyu ko istigfari, sai ya zama ko ta wace fuska bai yi hasara ba.

Wajibi ne a yi hattara da wani kuskure a nan. Ana cewa kowa ya kwana lafiya shi ya so, amma wannan karin magana ba ta game kowa ba. Akwai azzalumin da zuciyarsa ta mutu, yana barci kamar gawa, barcinsa kuwa ba shaidar kirki ba ne. Akwai kuma salihin bawa da ciwo ko baƙin ciki ko tsufa ko jinyar jariri ya hana wa runtsawa. Bai halatta a ƙara masa nauyi da cewa imaninsa ne ya yi rauni. Wanda rashin barci ya dame shi dare uku a mako har tsawon wata uku, ko wanda numfashinsa yake sarƙewa cikin minshari, asibiti ya kamace shi, neman magani kuwa sunna ne. Ya nisanci sayen ƙwayar barci a kan teburin mai talla, domin tana kama jiki har ya kasa rabuwa da ita. Irin wannan ɓarna ce ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Daga ƙarshe, barcin mutum amana ne a wuyan maƙwabcinsa. Wanda ya kafa injin wuta a gindin tagar wani, ko ya saki lasifika har tsakar dare, ko da wa'azi ake yi a cikinta, ya sani a bayan katangar nan akwai majinyaci da jariri da leburan da zai yi sammako. Haka wanda ya ƙoshi alhali yunwa ta hana gidan da ke kusa da shi runtsawa. Dare mahutar bawa ne, kuma wanda ya hana bayin Allah hutawa ya ɗauki haƙƙi irin wanda aka ambata a farko, mai bin mutum har shimfiɗarsa.

Allah Ya ba Musulmi lafiya da kwanciyar hankali, Ya sauƙaƙa wa waɗanda ciwo ko damuwa ta hana barci, Ya sa a kwana lafiya a tashi cikin ɗa'arsa. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.