Tawakkali da Jinyar Ƙafar Mai Ciwon Suga

Ciwon suga idan ya daɗe yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Kusan rabin masu ciwon sukan gamu da wannan a rayuwarsu. Da fari zogi ne da jin kamar ana tsira allura, musamman da dare. Daga baya ƙafar ta mutu, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba. Jijiyar da ta lalace da wuya ta dawo. A nan tambayar take: mene ne hukuncin wahalar da kai a kan jinyar da ba ta warkarwa?

Abin da ma'aikatan sashen gashi na asibiti ke yi sananne ne. Sukan gwada tafin ƙafa da wani siririn zare mai danna fata da nauyin giram 10 don gane inda ji ya ɓace. Sukan koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya a jikin bango, da ɗaga dunduniya, da miƙe jijiyar agara, domin wanda ba ya jin ƙasa a ƙarƙashinsa faɗuwa ba ta yi masa wuya. Akan so tafiya ko tuƙa keke na minti 150 a mako, a cikin takalmin da ba ya matsi. Ribar ita ce raguwar faɗuwa, da saukar suga, wani lokaci da sassaucin zogi.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sabubban kawar da cuta kashi uku a cikin Ihya'u Ulumiddin: tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, na zato mai rinjaye, kamar ƙaho da shan magani, da na wahami, kamar lalas. Barin na farko haramun ne idan ana tsoron halaka, riƙo da na biyu kuwa ba ya rushe tawakkali. Motsa jiki ya faɗa kashi na biyu. Amma duba ƙafa kullum ya fi kusa da na farko, tunda gyambon da ba a gani da wuri ba shi ne ke kaiwa ga yanke ƙafa. Ma'aunin ke nan tunkuɗe cuta, ko da warkewa ba ta samu ba.

Mutuwar ji ta kuma sauya yadda ake kallon zafi. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa yawanci rashin jin zafi ne ke cinye gaɓoɓinsu, domin rauni kan maimaitu ba su sani ba. Zafi mai gadi ne. Idan ya tafi, dole ido ya karɓi aikinsa.

Ga Musulmi, alwala ta ba da lokacin wannan duba. Mai tsattsefe yatsu yana iya lura da tsagewa ko kumburi, ya auna ɗumin ruwa da gwiwar hannu, ya tsane tsakanin yatsu, abin da mazhabar Malikiyya ba ta hana ba. Idan akwai bandeji, shafa a kai ya wadatar. Wanda jiri ko rashin daidaito ya hana shi tsayuwa yana da rangwamen salla a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana bin Husaini a Sahihul Buhari.