Darasi na 14: Tofa a Tsakar Gida

Abin karantawa: Misalai 24:30-34, Matta 13:24-30, Matta 12:43-45
Aya ta haddacewa: Ibraniyawa 12:15

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Abuja ya san abin da ruwan fari ya kan tasar. Da damina ta sauka a watan Afrilu, kafin mako biyu tsakar gidan da mu ka share tas da rani ta yi kore shar, har ciyawa ta riƙa leƙowa ta tsakanin duwatsun daɓe. Tun da aka maido babban birnin Nijeriya nan daga Ikko a 1991, gidaje sun hau bisa gonaki a Karu da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada. Mun yi gini, mun kewaye da katanga, amma saiwoyin da manoman Gbagyi su ka yi ta fama da su su na nan a ƙarƙashinmu. Yau za mu koyi darasi daga gare su.

1. Abin da ke ɓoye ya fi abin da ke fili

Ciyawa iri biyu ce. Akwai mai shekara guda, kamar ƙarangiya, wadda in an nome ta kafin ta zuba iri, sha'aninta ya ƙare. Akwai kuma mai taurin kai, kamar tofa da kiri-kiri da aya-aya, waɗanda ransu ba a ganye ya ke ba. Tofa ta na shimfiɗa jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa, masu tsini kamar allura, har su kan huda doya da rogo. In mun sare ta da adda, sai ta sāke tohowa. In mun sa mata wuta da rani, sai ta fito da sabon ƙarfi. In mun daddatsa jijiyar da fartanya mu ka bar ta a wurin, gutsattsarin su kan zama sababbin tsiro. Aya-aya kuwa ƙananan ƙwayoyi ta ke jerawa a ƙasa kamar tsakiya a zare. Mu tuge ganyen, ƙwayoyin su kwanta su jira.

Haka zunubi ya ke. Baƙar magana da ta fito daga bakinmu ganye ce kawai. Saiwarta ita ce ƙyashi, ko girman kai, ko wata tsohuwar ƙullata da mu ka binne shekara goma. Domin wannan ne mai rubuta wa Ibraniyawa ya kira abin nan saiwa, ya kuma gargaɗe mu cewa in ta tsiro, ba mutum ɗaya kaɗai za ta ɓata ba.

2. Magani iri biyu

A zamaninmu mutane da yawa sun jingine fartanya sun goya famfon feshi. Ya kamata mu san abin da mu ke fesawa. Akwai maganin da ke ƙone abin da ya taɓa kaɗai, watau farakwat, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1962 da sunan Gramoxone. Yau a fesa, gobe ganye ya bushe, mai gida ya ce, "Kai, wannan magani da ƙarfi ya ke!" Amma bai kai ga jijiya ba, gama ya kashe ganyen tun kafin ya sami hanyar sauka. Akwai kuma gilaifoset, wanda ya fito a 1974 da sunan Roundup. Shi ganye ya kan sha shi, ya bi ruwan jikin tsiron a hankali har ya isa saiwa. Kwana uku ba a ga kome ba. Sai bayan mako ɗaya ko biyu ciyawa ta yi rawaya ta mutu daga ƙasa.

Mun ga wannan da idonmu. Wata shekara, ana saura kwana uku a yi bikin aure a majami'armu, samari su ka fesa wa haraba mai ƙone ganye. Ranar biki fili ya yi kyau, baƙi su ka yaba. Kafin wata ya zagayo tofa ta kai mana gwiwa.

Tuba ma iri biyu ce. Akwai ta ganin ido, wadda a kan yi domin Jibin Ubangiji ya matso, ko domin dattawan ikilisiya sun kira mu. Mu gaisa a ƙofar majami'a, mu ce ya wuce, amma matanmu ba sa shiga gidan juna, 'ya'yanmu kuma su na girma su na gādon faɗan da ba su san mafarinsa ba. Akwai kuma tuba wadda Ruhu Mai Tsarki ya ke aikatawa ta wurin Maganar Allah. Ba ta da sauri, ba ta da sha'awar kallo. Ita ce ta kan sa mutum ya tafi da dare wurin ɗan'uwansa ya faɗi laifinsa da sunansa, ya mayar da abin da ya riƙe.

3. Don me magani mai kyau ya kan kāsa?

Sau da yawa mu kan ce an sayar mana da jabu, alhali kuwa laifin namu ne. Gilaifoset ta ganye ya ke shiga. In mun sare tofa sa'an nan mu ka fesa nan take, mun rufe masa ƙofa. Sai a bari ta yi sabon ganye kore tukuna. In hadari ya haɗo aka yi ruwa jim kaɗan bayan feshi, ya wanke. In mun dama shi da ruwan kududdufi mai laka, lakar ta kan kama shi ta kashe ƙarfinsa. In mun rage awo domin tsimin kuɗi, ciyawa ta kan yi laushi ta farfaɗo. Ba ya kuwa kashe irin da ke kwance cikin ƙasa, ko ƙwayar aya-aya da ba ta fid da ganye ba tukuna. Shi ya sa feshi ɗaya ba ya isa. Har wa yau, a 1996 aka sami ciyawa ta fari da ta gagari wannan magani a ƙasar Ostareliya, inda aka daɗe ana fesa shi shekara bi shekara. Abin mamaki, ciyawar nan dangin zawan ce, wadda Ubangijinmu ya yi misali da ita.

Bari mu gwada kanmu. Mu na zuwa sujada da zuciya a buɗe, ko mun sare ganyen tun a gida don kada kowa ya gani? Mu kan bar wa Maganar lokaci ta shiga, ko hirar bakin ƙofa ta kan wanke ta? Mu kan gauraya ta da lakar hujjojinmu? Wanda ya daɗe ya na jin wa'azi ba ya aikatawa, zuciyarsa ta kan sāba har ta daina jin zafi.

4. Fili ba ya zama wofi

Ko saiwa ta mutu, aiki bai ƙare ba. Ƙasar da aka bari tsirara, iska da tsuntsaye za su shuka ta. Amma tofa ta na da rauni guda: ba ta jimre inuwa. Masu bincike na cibiyar IITA a Ibadan sun nuna cewa mukuna, wani wake mai yaɗo, ɗan'uwan karara amma marar ƙaiƙayi, ya kan lulluɓe tofa ya hana ta rana har ta rame. A tsakar gida kuwa sai mu shuka dankali ko kabewa ko wake, mu dasa itace mai inuwa, mu kuma riƙa zagawa da fartanya mu yi maimai tun tsiro na ƙarami.

Wannan shi ne gargaɗin Matta 12: gidan da aka share aka bari ba kowa, ƙarshensa ya fi farkonsa muni. Bulus ma, cikin Afisawa 4:28, bai tsaya ga hana ɓarawo sata ba. Ya sa shi aiki da hannunsa domin ya sami abin ba mabukaci. Inda mu ka tuge gulma, mu shuka addu'a domin wanda mu ke gulmarsa. Gonar rago cikin Misalai 24 ba a rana ɗaya ta cika da ƙaya ba. Ɗan barci ne bisa ɗan barci.

5. Gargaɗi biyu

Na fari domin jikinmu ne. Farakwat dafi ne marar makari. Kurɓi kaɗan ya isa ya kashe mutum. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC kuma ta sanar da hana shi a ƙasarmu. Kowane magani mu ka ɗauka, mu karanta takardar jikinsa, mu rufe hannu da ƙafa da hanci, mu yi wanka bayan aiki. Kada mu juye shi cikin kwalbar lemo, kada mu ɗebi ruwan sha da galan ɗinsa, mu kuma kulle shi inda yara ba za su kai ba.

Na biyu domin ikilisiya ne. Gilaifoset ba ya bambanta tofa da alayyafo. In mun fesa ana iska, ya kan ƙetare katanga ya kashe lambun maƙwabci. Bayin nan na Matta 13 sun yi ɗokin tuge zawan, mai gona ya hana su don kada alkama ta tafi tare da shi. Akwai wurin tsauta wa ɗan'uwa cikin ƙauna, bisa ga ƙa'idar Matta 18, amma rarrabewa ta ƙarshe ta Ubangijin girbi ce. Tsakar gidan da aka ba mu mu nome, tamu ce.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin maganin da ke ƙone ganye da wanda ke kai ga saiwa? Yaya wannan ya shafi tuba?
2. Don me mai gona ya hana bayinsa tuge zawan?
3. Wace tsohuwar saiwa ce ta kan tsiro cikin ikilisiyarmu kowace shekara?
4. Me za mu shuka a gurbinta cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai da ka ke ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ka binciki zukatanmu. Kada ka bar mu mu gamsu da busasshen ganye. Ka kai Maganarka har saiwa, ka ba mu haƙuri mu jira aikinta, ka kuma shuka ƙauna inda ɗaci ya zauna. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.