Nasiha A Kan Kuɗin Jinyar Ɗan Ƙwaya

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi wa ɗan Adam baiwa da hankali, kuma Ya haramta masa duk abin da zai gusar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa Musulmi, mazaunin Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, da ƙauyukan da ke kewaye da su, ka sani, Allah Ya yi maka rahama, ba mu rubuta wannan ɗan littafi don mu gaya maka ƙwaya haramun ce ba. Wannan ka ji shi a kan mumbari ya fi a ƙirga, kuma ko shi mai shan bai yi musu ba. Abin da muka yi sakaci a kansa shi ne abin da yake biyo bayan wa'azin. Yaro ya ji, zuciyarsa ta karaya, ya zo ya durƙusa gaban ubansa ya ce ya tuba, amma jikinsa ya ƙi yarda. To, wa zai biya kuɗin jinyarsa?

Wasu shekaru da suka wuce wani dattijo, ma'aikacin gwamnati, ya tsaya bayan sallar Isha har masallaci ya watse, sa'an nan ya matso kusa da ni. Ya zaro wani kati daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Shekara da shekaru ana cire mini kuɗinsa a albashi. Ban taɓa kwana asibiti ba. Yau da na kai ɗana, an ce da ni katin bai san shi ba." Yaron tiramol yake sha. Ya fara ne a gona, da ƙwaya ɗaya don ya jure noman ƙwadago, ya ƙare yana faɗuwa yana kumfa kamar mai farfaɗiya. Uban ya ɗauke shi zuwa wani asibiti a birni, aka karɓe su da mutunci, amma aka gaya masa abu biyu: yaron ya wuce shekara 18, saboda haka ya fita daga cikin katin; kuma ko da bai wuce ba, jinyar shaye-shaye ba ta cikin abin da ake biya. Dattijon nan ya sayar da masarar da ya ajiye don ci, ya sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu. Wallahi abin da ya fi damunsa ba san ba ne, kunyar kada mutanen unguwa su ji ce.

Ma'aikatan asibitin ba su zalunce shi ba, ƙa'ida suka karanta masa. Bari in bayyana maka ita, domin jahilcinta shi yake sa mutum ya yi ta dogara ga katangar da ba ta da tushe. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar inshorar lafiya, watau NHIS, a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. A ƙa'idojinta na 2012, katin ma'aikaci yana ɗaukarsa shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Kwanciya a asibiti kwana 21 ce a shekara. Magani kuma mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100. Sa'an nan akwai jerin abubuwan da aka ce sam babu ruwan asusun da su, a cikinsu har da shaye-shaye, har da raunin da aka samu a rikici ko yaƙi. Ka duba wannan da kyau, ɗan'uwa. Mu da muke gefen daji, mu da aka kwashe mana ɗalibai fiye da 300 a makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, masifu biyun da suka fi cin gidajenmu, harsashi da ƙwaya, duka biyun suna bayan ƙofa a wannan jeri.

A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, aka ce shiga inshora ya zama tilas ga kowa, aka kuma tanadi asusu domin masu rauni. Jiharmu ta Katsina ita ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wadda aka kafa zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Kowane shiri yana da nasa jerin abin da yake biya da abin da ba ya biya. Saboda haka kada ka yarda da "an ce". Je ka ofishin, ka ce a nuna maka takardar, in ba ka karatun boko ka tafi da mai yi, ka tambaya da bakinka: in ɗana ya kamu da shaye-shaye, me za ku biya, kwana nawa, a wane asibiti? Musulmi ba ya ƙulla yarjejeniyar da bai san abin da ke cikinta ba.

Kada ka ce ai wannan matsalar gidan wane ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya sami mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da kayan maye, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a nan Arewa maso Yamma. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Ka ji fa, mace, a cikin ɗaki, bayan labule. Kuma binciken ya ambaci tsadar jinya da tsoron tsangwama a cikin abin da yake hana masu son magani su nema. A 2018 ɗin ce gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, amma hana kwalba bai warkar da wanda kwalbar ta riga ta kama ba.

In ka ce, to me ya sa ba zai bari kawai ba, ai tuba nadama ce da ƙudurin ba za a koma ba? Sai mu ce, gaskiya ne, wannan ita ce tuba, kuma Allah Yana karɓa. Amma ƙwaya tana canza jiki. Wanda ya daɗe a kan tiramol ko kodin, ranar da ya bari sai gumi, da gudawa, da ciwon gaɓɓai kamar ana sara, barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki. Wanda kuwa ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam, in ya yanke rana ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga har ya halaka. Shi ya sa ake buƙatar likita ya tsaya a kansa. Wannan matakin farko ke nan, shi ne gajere. Mai tsawon shi ne na bayansa, watau makonni ko watanni ana zama da shi, ana koya masa yadda zai rayu babu ita, ana maganin abin da ya tura shi tun farko. Yaron da aka harbe ubansa a gabansa, ko aka kore su daga gonarsu ya dawo gari ba aiki, ba a raba shi da ƙwaya da allura ɗaya.

Wuraren wannan aiki kuwa ba a ƙofar gidanmu suke ba. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika. Mutumin Sabuwa sai ya biya mota ya bi ta Dandume, na Faskari ya fito Funtuwa, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Ga kuɗin gado, ga na abinci, ga na gwaje-gwaje, ga na magani, ga mai jinya wanda shi ma ya bar gonarsa. In an sallamo shi kuma akwai komawa ganin likita. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mai ciwo yake fita, talaka yana jin lissafin sai ya juya.

Ina yake juyawa? Nan ne abin baƙin ciki. Wani sai ya nufi boka, ko wani mai rawani da yake aikin boka, a ce masa ai sammu aka yi wa yaron, ko aljana ce ta aure shi, a kawo baƙin bunsuru, a kawo farin ƙyalle. Kuɗi su tafi, tauhidi ya tafi, yaro yana nan yadda yake. Wani kuma sai ya kai shi gidan mari. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura da cikin birnin Katsina. Iyayen nan ba mugaye ba ne, kuɗi ma suke biya duk wata. Sun rasa ƙofa ne suka faɗa rami. Amma ina dalilin ɗaure Musulmi kamar dabba da sunan karatun Alƙur'ani? Wane sahabi ne ya yi haka? Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, a yi su, amma ba su hana zuwa wurin likita ba, domin Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya yi umurni da neman magani.

Dubi yadda ya yi da mashayi. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum a Madina wanda aka sha kawo shi saboda giya ana yi masa haddi. Rannan wani daga cikin jama'a ya gaji, ya la'ance shi. Annabi (S.A.W.) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin 'yan'uwa ba. Mu kuwa yau, ba mu da ikon haddi, ba mu ba da kuɗin magani, la'anar kaɗai muka riƙe.

Wani zai ce, Malam, ita inshorar ma ai an ce haramun ce. To, a nan akwai rarrabewa. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1397 bayan Hijira, da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1985, sun hana inshorar kasuwanci saboda garari da riba da kamannin caca da ke cikinta, amma sun halatta ta taimakekeniya, wadda jama'a suke zuba kuɗi da niyyar kyauta don a ɗauki nauyin wanda masifa ta faɗa wa a cikinsu. Asalinta yana cikin Sunna. Ash'ariyyawa, in guzurinsu ya yi ƙaranci, sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi (S.A.W.) ya yabe su har ya danganta kansa da su. Haka nan diyyar kisan kuskure, dangi ne suke haɗuwa su biya, alhali ba su suka yi kisan ba. Ka ga ke nan shari'a ta san ɗaukar nauyin wanda ya jawo wa kansa.

Wannan ita ce amsar masu cewa ai shi ya sayi cutar da kuɗinsa, don me za a taɓa asusun jama'a? Mai ciwon sukari da ya ƙi bin doka ana yi masa magani. Mai babur da ya yi ganganci ya karye ana ɗora shi. Ko Amurka, inda jinya ta zama kasuwa, ta yi doka a 2008 cewa kamfanin da ya ɗauki jinyar shaye-shaye kada ya tsananta sharuɗɗanta fiye da na sauran cututtuka. Kuma ka yi lissafi: wanda ba a yi wa magani ba, shi ne zai fasa shagonka, shi ne 'yan bindiga za su saya da ƙwaya biyu ya zama ɗan leƙen asirinsu a cikin gari. Za ka biya dai, ko a asibiti ko a daji.

Ƙananan hukumomin nan uku kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma kowace tana da wakili a Majalisar Jiha. In sun zo gaisuwa ko neman ƙuri'a, maimakon a roƙe su lasifika da tabarmi, limamai su haɗa baki su nemi abu biyu a rubuce: jinyar shaye-shaye ta zama cikin abin da asusun lafiya yake biya a fili babu kwana-kwana, kuma a sami ma'aikacin da ya san wannan aiki a manyan asibitocinmu na kusa. Shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin ta Turawa ta 1958, saboda haka ba sadaka kuke roƙo ba.

Amma kafin gwamnati ta motsa, masallacin Juma'arku ya buɗe nasa asusun. A zaɓi amintattu uku, ɗaya ya zama ma'aikacin lafiya, a riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, a karanta jimla ga jama'a, amma sunan mai jinya ya tsaya a tsakaninsu, domin suturta Musulmi wajibi ne. Kada a damƙa wa yaron kuɗi a hannu, a biya asibiti kai tsaye. Kuɗin kuwa akwai su. Abin da ake kashewa a taron uku da bakwai da arba'in, wanda babu shi a Sunna, da abin da ake liƙa wa makaɗa a biki ɗaya, ya isa ya kai yaro Kaduna ya dawo da shi. Ga kuma zakkar masara da dawa da kaka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar. Suratut Tauba ta ambaci faƙirai da miskinai da masu bashi a cikin waɗanda ake ba. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta kada bashin ya zama na saɓo, sai in mai shi ya tuba. To, uban da ya ci bashi don ya ceto hankalin ɗansa wane saɓo ya yi? A ba shi, kuma a kai masa gida da dare.

Dattijon nan da na ba ka labari, ɗansa ya yi wata biyu a asibiti ya dawo, bayan wata biyar ya koma wa ƙwaya. Likita ya riga ya gaya musu hakan tana faruwa, kuma ba ta nufin aikin farko ya lalace. Uban ya sake zuwa bayan Isha. San da ya rage guda ɗaya ne, damina kuma ta kusa. A wannan karon mutum bakwai na sahun gaba suka haɗa kuɗin, ba wanda ya tambayi sunan yaron.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da aminci a garuruwanmu da gonakinmu.