Akun Zinariya: Mallaka Ko Amana?

A kurmin Amazon na ƙasar Brazil, musamman a jihar Para, akwai wani aku mai launin zinariya da koren bakin fukafukai, wanda mutanen wurin ke kira ararajuba. A garke yake rayuwa, har manyan garken sukan taru su ciyar da 'ya'yan sheƙa guda. Saran daji da tarkon 'yan kasuwa sun rage yawansa, shi ya sa yarjejeniyar CITES ta 1973 ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

To, in muna da kuɗin sayensa, ya halatta mu sa shi a keji?

Mukan ce ƙauna ce ta ja mu. Amma mai saye ne ke ɗaure wa mai tarko gindi, kuma tsuntsaye da yawa kan mutu a hanya kafin ɗaya ya iso. Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo bisa doka, zancensa dabam ne. Duk da haka yana iya rayuwa fiye da shekara 20, yana bukatar 'yan'uwansa da sararin tashi.

Littafin Farawa ya nuna an sa Adamu a gonar Aidan domin ya kula da ita. Masu riƙon amana ne mu. Akunmu mai jan wutsiya ma ya shiga wannan hani a 2016. Kafin mu taya tsuntsu a kasuwa, mu tambaya: daga ina aka kawo shi? In ba amsa, mu mayar da kuɗinmu aljihu.